Makero a Kan 'Yar Mai Aski

Mahaifina mai aski ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da wani mai sayar da kwanuka. Kujera biyu ce a ciki, sai babban madubi da ya tsage ta kusurwa, da doguwar fata rataye a ƙusa wadda yake wasa aska da ita. Gidanmu na bayan shagon, ƙofa ɗaya ta raba, don haka da ƙarar almakashinsa muke tashi, mu da Inna da ƙanena Auta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da kuwa faɗa zai yi.

A lokacin ina da gashi. Na faɗi haka ne domin ko 'ya'yana ba su yarda ba. Ranar tsifa Inna har mita take yi, ta ce wannan kan nawa ya cinye mata mataji ya fi a ƙirga.

Ina ajin ƙarshe na firamare abin ya faru. A zamanin akwai nas ɗin makarantu, wata gajeriyar mata mai fararen takalma, da ke zagayowa kowane zango. Sai a jera mu a baranda, ta bi layi tana duba ido da haƙora da farce, sannan ta sa 'yan sanduna biyu ta buɗa gashin kowa. Da ta zo kaina ta daɗe a bayan kunnena na hagu. Ta kira malamar ajinmu ta nuna mata wani ɗan zagaye fari mai ɓawo.

"Makero ne," in ji ta. "Ta ɗauki jakarta."

Dokar ke nan. Duk yaron da aka samu da makero a ka ba zai ƙara shiga aji ba sai ya warke. Mu da yawa aka fitar a ranar, amma ni kaɗai ce mace.

Akwai asibitin 'yan makaranta a bayan ofishin ilimi, wani tsohon gini mai dogon soro da benci a jikin bango. Nan ake kai masu ciwon kunne da masu ƙazuwa da waɗanda za a cire wa haƙori, komai kyauta. Kullum da safe nakan je in zauna a bencin masu makero, a goge wurin da aidin, a shafa wani baƙin man da ke warin kwalta, a ce in dawo gobe. Wani yaro da ke zama kusa da ni ya ce shekararsa ta biyu ke nan a kan bencin nan, har ya manta yadda ake raba lamba. Wata ya wuce, wani ya biyo, nawa zagayen bai ragu ba, sai ma 'ya'ya da ya yi a tsakar ka.

Ana cikin haka magana ta tashi a unguwa. Yawancin yaran da aka kora a shagon Baba ake yi musu aski, ga kuma 'yarsa ta cikinsa da shi. Aka ce a askarsa cutar take. Iyaye suka fara wucewa da 'ya'yansu zuwa wani shagon a ƙasan titi, manya ma suka bi. Baba ya sayo risho ya kafa a ƙofar shago yana dafa injin aski da almakashi a bainar jama'a, don kowa ya gani. Mai agogo ya leƙo ya ce, "Maigida, miya ake yi ne ba a gayyace mu ba?" Baba ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Yakan yini yana wasa askar da ba ta taɓa kan kowa ba tun safe.

Wata ranar da yamma malamarmu ta zo gida. Mace ce mai kirki, kuma da gaske take sona, don babu mai kamo ni a lissafi. Ta ce jarrabawar shiga sakandare ta kusa, in ban koma aji ba za a yi ba da ni ba. Sannan ta ce akwai wata hanya. An kawo na'ura asibitin 'yan makaranta, irin wadda ake ɗaukar hoton ƙirji da ita. Ana haska ta a kan yaro, bayan 'yan makonni gashin ya zube duka, cutar ta bi shi, sabo ya fito lafiya lau. An yi wa yara da dama. Layin na da tsawo, amma za ta yi magana da nas a sa ni gaba.

Bayan ta tafi Inna ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Ni dai hankalina bai kwanta ba. Abin da zai zubar da gashi bai taɓa shi ba, ba na son sa kusa da kan 'yata."

"Likitoci ne fa," in ji Baba. "Ke kin fi su sani ne?"

"Ban fi su ba. Mu dai ci gaba da man, ko yaushe ne zai warke."

"Yaushe? Sai ta yi furfura a kan benci? Sai na rufe shagon nan?"

Inna ta dube shi ta ce, "To faɗi gaskiya, yarinyar ce ko shagon?"

Ya juyo wajena. "Uwata, ke me kika ce?"

Na ce ina so. Na gaji da warin kwalta, na gaji da ganin 'yan ajinmu suna wucewa da safe ina laɓewa a bayan ƙofa. Shekarata goma sha biyu, kuma malama ta ce gashin zai dawo.

An ce a zo da gashin a rage. Da safen ranar Baba ya tura ƙofar shago, ya ɗora katako a kan hannun kujera kamar yadda yake yi wa ƙananan yara, duk da na girme haka, ya yafa mini farin ƙyalle.

"Yau babbar baƙuwa gare mu," ya ce. "Wane iri za a yi, ranki ya daɗe?"

Na yi dariya. Ya sa almakashi, kitson ya riƙa faɗowa kan cinyata guda guda. Hannunsa na da taushi, ko a wurin ciwon ban ji zafi ba. Inna ta ƙi leƙowa, ƙarar kekenta kawai muke ji ta bayan ƙofa.

Ɗakin na'urar na can ƙarshen soro, ba taga. Wani dogon mutum ne ke sarrafa ta, sanye da wata rigar gaba mai nauyi. Ya ce Baba ya jira a waje. Ya zana alamomi a kaina da shuɗin fensir, ya kwantar da ni a kan tebur, ya tokare kaina da 'yan jakunkunan yashi, ya rufe mini fuska da wani faifan dalma mai sanyi.

"Kada ki motsa," ya ce. "Ko ƙuda ya sauka a hancinki, bar shi ya gama hutawa."

Sai ya koma bayan wani allo ya kunna. Na'urar ta yi ta ƙugi kamar zuma a cikin tulu. Ba zafi, sai wani wari kamar na ƙarfen da ya ɗau wuta. Can ya kashe, ya juya kaina, ya sake kunnawa. Haka ya yi ta gefen dama, da hagu, da ƙeya, kowanne na ɗan lokaci. Da aka zo tsakar ka, yana kunnawa sai aka ƙwanƙwasa wata ƙofa ta baya. Na ji ya buɗe, na ji muryar wani yana tambayar makullin sito. Ya ce ba ya wurinsa, wancan ya ce jiya a hannunsa ya gani. Muryoyinsu suka yi nisa zuwa cikin soro, na'urar kuwa na ta ƙugi a kaina. Wuyana ya ƙage, fitsari ya matse ni, amma an ce kada in motsa, ban kuwa motsa ba. Daga baya na ji takunsa da sauri, ƙugin ya tsaya. Da ya ɗage dalmar bai yarda mun haɗa ido ba. Ya laluba aljihu ya miƙo mini alewa.

A hanya na yi amai a bakin kwata. Baba ya riƙe mini goshi yana cewa alamar magani na aiki ke nan.

Gashin ya zube kamar yadda aka faɗa, na riƙa tashi ina samun sa a kan matashi. Wanda ya rage nas ta tsince da hantsaki, aka ba ni farar hula. Yaran da aka yi mana tare suka fara tsiro, kawunansu suka yi baƙi-baƙi kamar fili bayan ruwan fari, aka mayar da su aji. Ni ma gefe-gefe ya fito, siriri, kamar na jariri. Amma tsakar ka ta yi ja, ta tashi da ƙananan ƙuraje, ta fashe, ta zama gyambo mai ruwa. Hular kan manne da shi, sai Inna ta jiƙa da ruwan ɗumi kafin ta cire. Ranar jarrabawa ina kwance rub da ciki, ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta titi.

Da gyambon ya kame, sai ya bar wata fata mai sheƙi, faɗin tafin hannun babba, da 'yan jijiyoyi ja a kwance a ciki. Baba mai aski ne, ya san kan da zai fitar da gashi. Yakan shafa wurin da yatsa.

Ya sa rigarsa ta fita kunya ya kai ni wurin babban likitan asibitin. Muka yini a benci kafin a kira mu. Likitan dattijo ne mai fara'a. Ya duba kaina da gilashi mai ƙara girma, ya wanke hannu, ya ce, "Makero ya warke sarai. Za ta iya komawa makaranta."

"Gashin fa, likita?" in ji Baba.

"A nan tsakiya, ba na tsammani. Yakan faru jefi-jefi. In yaro ya motsa, hasken kan taru a wuri guda."

"Ban motsa ba," na ce. "Mutumin ne ya fita neman makulli ya bar ta a kunne."

Likitan ya yi murmushi, ya dubi Baba, ba ni ba. "Wannan ma'aikacin ya daɗe tare da mu, ɗaruruwan yara ya yi wa. Yaro kuwa in yana kwance a tsorace, minti ɗaya yini ne a wurinsa."

Na jira Baba ya ce wani abu. Mutumin da in abokin hira ya yi masa gardama a shago sai ya ajiye almakashi an ƙare ta tukuna. Sai na ga ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce, "Mun gode, likita. Allah ya saka da alheri."

Muna tsaye a tashar bas, ya daɗe yana kallon motoci, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Uwata, ba zan yi faɗa ba. Ki gaya mini gaskiya, kin ɗan motsa?"

Bas ta zo muka shiga, na zauna ta taga.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi asibitin ita kaɗai. Ban san abin da ta faɗa ba, amma maigadi ne ya rako ta har bakin titi, aka kuma ce kada ta sake zuwa. Da Baba ya ji, ya ce ta zubar masa da mutunci a gaban manyan mutane.

"Mutunci," in ji Inna. "Garin neman gira ka rasa mata ido, kana maganar mutunci."

Tun daga nan maganarsu ta koma ta cefane da gaisuwa. Shago kuwa ya farfaɗo. Tunda an ji 'yar mai aski ta warke, kuma a hannun likitoci, mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, Baba ya mayar da risho cikin gida. Duk wanda ya zo masa da labarin man da ke fitar da gashi sai ya saya. Kullum kafin ya buɗe shago zai zaunar da ni ya shafa, yana murzawa a hankali, yana cewa kamar ya ga wani abu na tsirowa. Na jure har wata rana na kama hannunsa na ce, "Baba, ya isa." Ya rufe kwalbar, bai sake ɗauko ta ba.

Na koma makaranta na maimaita aji, aka yarda in riƙa ɗaura ɗankwali. Ba a jima ba wani yaro ya fizge shi a filin wasa. Daga ranar sunana ya koma Madubi. Sai su tsaya a bayana suna gyara kwalar riga, su ce bari mu duba fuskarmu. Na daure da wannan, don har yanzu ni ce ta ɗaya a lissafi. Amma da zango ya zagayo aka jera mu a baranda, wata sabuwar nas ce ta zo, ta ce kowa ya buɗe kai. Malama ta matsa ta raɗa mata wani abu, ta ce doka doka ce. Na kwance ɗankwalin a gaban makaranta duka. Ta duba, ta ce, "Wannan kam ba inda makero zai kama," wasu malamai suka yi dariya. Na ɗaura abina na fita ta ƙofar gaba, ko jakata ban ɗauka ba. Malama ta biyo ni gida ta yi lallashi, ta sake dawowa, daga nan ta haƙura. Inna ta matsa mini gefe a bencin keke, na fara koyon ɗinki.

Ba a cika shekara biyu ba aka koro Auta daga makaranta da makero a ƙeya. Inna ta ce sai dai a bi ta kan gawarta kafin a kai shi ɗakin nan. Baba ya shiga shago ya zauna a kujerar masu aski. Ita an hana ta shiga asibitin, shi kuma ya ce ba mai tsare masa shago, don haka ni na kama hannun Auta muka tafi, da niyyar a ba mu man kwalta kawai.

Soron na nan yadda na san shi, da warin aidin. Ƙofar ɗakin na'ura a buɗe take, an cika shi da tsintsiya da bokitai da karyayyun kujeru. Tsohuwar nas ɗin nan mai fararen takalma ce a kan tebur. Ta duba kan Auta, ta buɗe kabad ta zuba wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a 'yar kwalba.

"Ya riƙa sha bayan ya ci abinci. Nan da 'yan makonni zai koma aji."

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. An daina na'ura, yanzu ƙwaya ta zo." Ta ɗago ta dubi ɗankwalina, ta gane ni. "Ke ce ta gidan mai aski ko? Allah sarki. Ai da kun ƙara ɗan haƙuri."

Ni na riƙa ba Auta maganin da hannuna, safe da yamma, ina tsaye har ya haɗiye. Ko gashi ɗaya bai rasa ba banda na wurin ciwon, shi ma ya cike. Ranar da zai koma makaranta Baba ya ɗora shi a kan katako ya yi masa aski mai kyau, yana fito. Da ya hango ni ta madubi a bakin ƙofa, sai fiton ya tsaya.

Rayuwa ba ta tsaya ba. Na zama tela, na buɗe shagona, na auri wani kafinta mai sauƙin hali wanda bai taɓa tambayata ba sai da na nuna masa da kaina. Na haifi 'ya'ya, dukansu masu gashi kamar me. Duk ranar da aka ce nas za ta zo makarantarsu, sai in ce ba su da lafiya su zauna gida. Baba ya tsufa a shagonsa ya rasu. Na yi jinyarsa kamar yadda 'ya ke yi, na wanke shi, na ba shi abinci a baki. Har ya koma ga Allah maganar kaina ba ta sake shiga tsakaninmu ba.

Bara wani ɗan ƙurji ya fito a tsakiyar tabon, ya ƙi warkewa, yana ɓawo yana jini. Auta ne ya ɗauke ni a motarsa zuwa babban asibiti. Yanzu shi injiniya ne mai ritaya, kansa cike da furfura. Likitan yaro ne, bai kai babban ɗana ba. Da na kwance ɗankwali ya tambaye ni ko ƙuna ce, na ba shi labari a taƙaice. Ya ce shi a littafi kawai ya taɓa karanta irin wannan. Ya ce hasken nan ne ya dawo bayan shekaru, dole a yanke wurin a ɗauko fata daga cinya a liƙa. Sannan ya roƙe ni ko zai kira ɗalibansa su gani, don ba lallai su sake samun irinsa ba. Na ce a'a. Ya ba ni haƙuri, ya sa mini ranar aiki.

A hanyar dawowa muka shiga cunkoso. Auta ya yi ta buga yatsa a kan sitiyari, can ya ce, "Yaya, zamanin ne fa. Su ma iyakar saninsu ke nan. Baba ma alheri ya nufa."

"Na sani," na ce.

"To ki sa wa ranki salama. Kowa da ƙaddararsa."

Na dube shi. Iskar taga na kaɗa masa furfura, ya sa hannu ya gyara ta ba tare da ya lura ba.

"Ka sauke ni a shago," na ce. "Akwai ɗinkin mutane da ban gama ba, ina so in miƙa musu kafin a kwantar da ni."